Idon Haula na Hagu

Tawa, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Rabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kawu Ciɗo da duk 'yan Adar da kuke zaune tare a Abijan. Allah ya sa wa kasuwar albasa albarka, ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar nan da ruwanta ba ya ɗaukewa. Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana Barmu, gwiwar tana nan yadda ka san ta, in ta zauna sai an ba ta hannu. An gama girbi. Hatsi bai kai na bara ba, amma wake ya yi kyau, kuma an gyara rumbun da ya tsage. Maigidana Zubairu yana gaishe ka, yara sun koma lakwal, an buɗe makarantu.

Na san za ka yi mamakin karɓar takarda daga hannun Hashimu direba, alhali ga waya a aljihunka. Dalilin shi ne na san halinka. Duk Juma'a kana kira, ka gaida Inna, ka tambayi gona, ka tambayi rumbu, har tunkiyar nan mai baƙin kunne kana tambaya ko ta haihu. Amma wata bakwai ke nan da haihuwar ɗiyarka, ban taɓa jin an ce ka tambayi yadda ta kwana ba. Ban ga laifinka ba, haka muka taso: ɗan fari uwa da uba ba su kiran sunansa, ba su yi masa wasa gaban mutane, ba su nuna sun damu da shi. Ni ce ta fari a gidanmu, na san abin ciki da bai. Baba har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Balaraba ba, kuma Inna har gobe "waccan ta Tawa" take ce mini. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai, ka karanta da kanka, kada ka ba kowa ya karanta maka. Maganar idon Haula ce, na hagu, kuma sai da bakinka za a cece shi, in yana da sauran ceto.

Kai hoton ranar suna kawai ka gani, don ba wanda zai tura wa uba hoton ɗiyar fari. A ranar akwai wani ɗan ɗigo ja a fatar idonta ta sama, kamar cizon sauro. Da matarka Kadidiya ta gama wanka a gidansu a Afala ta dawo wajen Inna, ɗigon ya kai ƙwayar wake, ya ɗan taso, ja wur. Inna ta ce tawadar Allah ce, ta wasu baƙa, ta wasu ja, kuma abin da Allah ya zana ba a kankare shi. Maƙwabciyarmu Fati ta ce ɗanta ma an haife shi da irinsa a gadon baya, ba a yi masa komai ba, kafin ya shiga lakwal ya baje. Ta kira yaron ta ɗaga masa riga, kowa ya gani da idonsa, hankali ya kwanta. Gaskiya ta faɗa, ba ta yi ƙarya ba, kuma gaskiyar nan tata tana cikin abin da ya cuce mu.

Da ruwa ya sauka abin ya yi ta girma, har ya danne fatar idon. Inna ta shafa man shanu, ta sa kwalli, daga baya ta aika aka kira Ɗanbaba wanzami ya tsaga ya fitar da mataccen jini. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri. An ce ya taɓa wurin da ɗan yatsa, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce wannan ba mataccen jini ba ne, mai rai ne, in ya tsaga ba shi da abin da zai tsayar da shi, a kai ta likita. Inna ta ce to, bari a ga bayan noma. Ka san damina a gidanmu, babu mai ɗaga kai. Haka idon ya rufe ruf, ya yi wata uku ko fiye bai ga hasken rana ba.

Ni ban san ya kai haka ba sai makon da na je ɗaukar wakena. Na iske yarinya a kan tabarma, kumburi ja kamar ƙaramin tumatir ya rufe mata ido, tana juya kai gaba ɗaya in za ta dubi mutum. Na ce a ba ni karnenta, wato ɗan littafin nan na awo da rigakafi, gobe da safe Tawa za mu. Inna ta ciro shi daga cikin kwallarta, inda ta adana shi don kada awaki su ci. Na buɗe. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma ya isa in gane abin da na gani. Tun ranar allurar farko, yarinya tana da sati shida, majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar Barmu, ya rubuta wata kalma, a ƙasanta ya rubuta a kai ta Tawa. Wata ɗaya bayan nan ya sake rubuta kalmar da jan biro, ya ja mata layi biyu. Daga nan babu sauran rubutu, don Kadidiya ba ta sake komawa awo ba.

Ka san bakina. A tsakar gida na tsaya na wanke matarka tas, na ce wace irin uwa ce za a gaya mata magana irin wannan ta haɗiye. Ta sunkuyar da kai ƙasa. Sai washegari da muka shigo mota, muka wuce gonaki, babu wanda ya san mu, sannan ta yi magana, a lokacin ma taga take kallo. Ta ce majo ya yi mata bayani tun ranar farko, kuma tun daga ranar ba ta yi barcin kirki ba. Ta ce ta dawo gida ta rasa ta inda za ta fara, don yarinya ce ita, a gaban uwar miji, kuma maganar ɗiyar fari ce. Sai ta buɗe karnen ta ajiye a kan faifan Inna, ko za a tambaye ta. Inna ba ta karatun boko, ta rufe ta sa a kwalla, har ta yaba mata da ba ta yar da shi a hanya ba. Kadidiya ta ce duk Juma'a in ka kira tana tsayawa bakin ƙofa, tana jira ka ce yaya yarinya, ko sau ɗaya, ta samu ƙofar shiga. Ba ka taɓa cewa ba. Komawa awo kuwa, kunyar majo ta hana ta, don ya yi mata faɗa a karo na biyu kuma ba ta da amsar ba shi a na uku.

Sannan ta tuna mini ranar Sallar layya, kuma nan ne nake so ka san nawa laifin, don ban rubuto in ɗora wa wani kaya in tafi hannu sake ba. Na je Barmu yawon Salla, muna zaune da mata ana suyar nama. Kadidiya ta zo ta durƙusa kusa da ni da yarinyar a hannu, ashe karnen yana cikin zanenta. Ta san ni kaɗai ce mai karatu a gidan. Ta juyo fuskar yarinyar wajena, ita ma ta tsura mata ido. Ni kuwa da shegen surutuna na ce jama'a ku zo ku ga 'yan zamani, uwa ta tasa ɗiyar fari gaba tana kallo kamar madubi, saura ta kira sunanta mu ji. Mata suka kwashe da dariya. Ta miƙa mini yarinyar, ta tashi ta shiga madafa. Na ga jan abin a ranar, bai fi gujiya ba, idon yana buɗe, yarinya tana kallona da duka biyun. Na yi mata rawa a cinya na mayar. Rabi'u, da na yi shiru na minti ɗaya a ranar nan, da yanzu ba wannan takardar nake rubutawa ba. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi mini nauyi.

Yanzu bari in gaya maka sunan abin, don ina so ka riƙe shi. A takarda haka ake rubuta shi: hémangiome. A baki kuwa emanjiyom ake cewa. Lokotoron yara, wato likitan da muka gani nan Tawa, wani mai haƙuri, ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka yi yawa a wuri ɗaya suka cukurkuɗe a ƙarƙashin fata, shi ya sa yake ja, kuma sunan ma abin da yake nufi ke nan, kumburin jijiyar jini. Ya ce ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa, ba iska ba ce, ba baki ba ne, kuma ba wani abu ne uwa ta ci ko ta yi kwaɗayinsa da ciki ba. Da ya faɗi wannan na ga Kadidiya ta sauke numfashi, ashe har da wannan take ɗauke da shi. Ya ce yana fitowa a makonnin farko, ya yi girma da sauri wata biyar ko shida, sannan ya tsaya, ya yi ta bajewa a hankali cikin shekaru. Mafi yawansu ba a yi musu komai, kamar na ɗan Fati. Amma wanda ya fito a ido, ko a hanci, ko a leɓe, ba a jiransa, don kafin ya tafi ya riga ya yi ɓarna.

Ya kuma ja mana kunne a kan yadda za mu riƙa faɗinsa. Ya ce ba kowane jan tabo ake kira haka ba. Akwai wani shimfiɗaɗɗe da ba ya tasowa kuma ba ya bajewa, shi sunansa dabam, maganinsa dabam. Saboda haka duk inda muka je, ko farmasi, ko wajen mai duba ido, ko an tura mu Yamai, kada mu tsaya kwatance, mu faɗi sunan mu faɗi wurin. Ya ce in muka ce tawadar Allah ce, za a ce mu je gida Allah ya raya, amma in muka ce emanjiyom a fatar ido, duk ma'aikacin da ya san aikinsa zai ajiye abin da yake yi. Ya sa muka maimaita. Ni sai da harshena ya karye sau uku. Kadidiya sau ɗaya ta faɗa daidai, don wata biyar ke nan tana faɗinsa a zuci.

An auna zuciyar yarinya, aka ce lafiya, aka ɗora ta a kan wani siro, maganin ruwa na sha, safe da yamma, kuma sai ta sha nono ta ƙoshi ake ba ta. Yau sati uku suna nan gidana. Alhamdu lillahi kumburin ya yi laushi, jan ya fara dushewa, fatar ta ɗaga har ana ganin ƙwayar idon. Ranar da ya fara buɗewa na yi murna har na dafa shinkafa da kaza. Murnar ba ta yi kwana biyu ba. Mai duba ido ta haska, ta ce ƙwayar lafiyarta lau, amma ido koyon gani yake yi a watannin farko, kuma wannan an rufe shi a lokacin da ya kamata ya koya. Kamar ƙafar da aka daɗe ba a taka ba, in ji ta. Dabarar da ta rage ita ce a riƙa rufe mai lafiyar da filasta na ɗan lokaci kullum, a tilasta wa ragon ya yi aiki, kuma a riƙa kawo ta ana dubawa. Na tambaye ta ko zai gani. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, wasu suna samu, wasu kaɗan suke samu, amma in aka bari yanzu, to an bari ke nan har abada.

Wani abu da na lura da shi, ban sani ba ko dariya zan yi ko kuka. Matarka har yau ba ta taɓa cewa Haula ba, ko a gabana. Amma sunan ciwon ba ya cikin abin da aka hana ta, sai ya zama shi ne hanyarta. Da safe za ta ce mini, Yaya, emanjiyom ɗin ya kwana lafiya. In yarinya ta ƙi nono, sai ta ce yau emanjiyom ɗin ba ya son ci. Jiya na ji ta gaya wa Zubairu, wanda ko ido ba ta haɗawa da shi, cewa emanjiyom ɗin ya fara koyon zama. Shi ma ya gane, ya ce Allah ya raya shi. Duk maganar da ta tara wata bakwai, ta nan take fitowa, kuma ban hana ta ba. Na riga na yi hani ɗaya, ya ishe ni har in mutu.

Ga inda kake shigowa. Inna ta zo makon jiya, ta ga an manna wa jikarta filasta a ido mai lafiya, yarinya tana tsala kuka tana laluben iska. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ba ta taɓa ganin inda ake makantar da ido mai gani don a yi wa marar gani magani ba, tunda kumburi ya sauka a gode wa Allah a koma gida. Ta ce mutane sun fara magana a Barmu, matar aure ta tare a birni ba mijinta, ga sussuka tana jira. Ta ba mu zuwa ƙarshen wata. Ban ga laifinta ba, tausayi ne, kuma ni ma in yarinyar tana wannan kukan sai in fita bayan gida. Amma na san in suka koma, ranar farko za a cire filastar, kuma Kadidiya ba za ta iya buɗe baki ta ce a mayar ba. Ni na yi magana, Inna ta ce ɗiyar ba tawa ba ce, mai ita yana Abijan, in ya ce a zauna a zauna. Ta faɗi haka ne don ta san abin da za ka ce. Za ka ce duk abin da Inna ta gani shi ne daidai, ka koma tambayar tunkiya.

Kada ka faɗi haka wannan karon, don girman Allah. Kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka san ɗan mutunci. Amma mu uku muka yi ado da ita, ni da kai da matarka, yarinya ce ta biya da idonta. Juma'ar farko bayan takardar nan ta same ka, ka kira Inna, ka gaishe ta yadda ka saba, sannan ka ce mata kana so a bar su a Tawa har likita ya sallame su. Ba rashin kunya ba ne, kuma ko ta yi fushi na kwana biyu ne, uwa ce. Bayan nan ka kira wayata, zan miƙa wa Kadidiya in fita in ja ƙofa. In bakinka ya kasa cewa yaya ɗiyata, to ga kalmar nan na rubuta maka, ka ce yaya emanjiyom ɗin. Za ta gane, kuma za ka ji labarin wata bakwai.

Zan gaya maka abu na ƙarshe, don shi ya sa na nemi takarda da biro. Mai duba ido ta ce in an rufe mai lafiyar, a sa wa yarinya abin da ta fi so a gabanta don idon ya yi sha'awar nema, kuma babu abin da jariri ya fi so kamar fuskar uwarsa. Shekaranjiya da hantsi muka manna filastar. Kadidiya ta ɗauke ta, ta kawo fuskarta dab da tata, karo na farko da na ga ta yi haka ba ta waiwaya ta ga ko ana kallo ba. Ta matsa dama, ta matsa hagu. Idon yana buɗe, amma bai bi ta ba, yana can yana yawo wajen bango. Na ce ta yi haƙuri, sannu a hankali ne. Sai ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, ai ba laifin idon ba ne kaɗai, ko da idon mai lafiyar, yarinyar ba ta san fuskar nan sosai ba, tunda duk sanda yarinyar ta kalle ta, ita uwar kawar da kai take yi. Ta ci gaba da matsawa dama da hagu har lokacin cirewa ya yi, kuma yau ma haka ta yi.

Ka gaida Kawu Ciɗo da kyau, ka ce masa maganin ƙafar da ya aiko wa Inna ya iso. Ka gaida Ɗangana da iyalinsa, da duk 'yan Barmu da ke nan. Zubairu da yara suna gaishe ka. Kadidiya ta san ina rubutu, na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce a gaishe ka kawai, sannan ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe kamar yadda take yi ranar Juma'a. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri, ya ba wannan ido rabon ganin ubansa.

Sunanta Haula. Ka gwada faɗinsa kai kaɗai kafin ka kira.

Yayarka,
Balaraba